Ranar da Na Ga Inno Ba Inuwa

Jama'a, abin nan ni ya faru da ni, wallahi ba ji na yi ba. Shekarun baya ina aikin allura a wani ɗan asibitin ƙauye, can gefen Diggi ta ƙasar Kalgo, sai 'yar wani Alhaji ta kwanta, kuma Alhajin nan shi ya gina asibitin, shi ya gina masallaci, limamin ma a gidansa yake cin tuwo.

Ina duba yarinyar na san zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, na yi mata allura na ce a jira. To a cikin sambatu sai ta riƙa kiran sunan Inno, wata tsohuwar Bafulatana mai kawo musu nono. Shi ke nan fa! Aka jawo Inno tsakar gida da rana tsaka, wai mayya ce, sai ta tsallaka yarinyar ta sake mata kurwa.

Alhaji, idonsa ja wur don kuka, ya juyo gare ni: "Likita, mi ka gani? Cutar asibiti ce wagga?"

Na san amsar sarai. Bakina ya ce, "Ranka shi daɗe, Allah masani."

Sai ya daka tsawa yana nuna ƙasa: "Ku duba! Ba ta da inuwa!"

Innalillahi! Na duba, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban ga inuwar ba. Ga tawa, ga ta liman, ga ta turmi, ƙarƙashin Inno ƙasa fes. Wuri ya kaure da salati. Inno tana kuka tana cewa, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, ni na yi goyon uwar yarinyar ga," haka ta tsallaka sau uku. Ba a jima ba yarinya ta buɗe ido ta nemi ruwa. Kafin la'asar an kori Inno daga garin, shanunta biyu ma a guje danginta suka kora su.

An daɗe, sai na haɗu da Malam Yohanna a kasuwar Gwandu, malamin firamaren ƙauyen ne, Kirista, ranar yana tsaye a bakin zaure bai ji abin da Alhaji ya faɗa ba saboda hayaniya. Na tayar da zancen, ya dube ni: "Wace inuwa? Ni inuwarta na fara hange, tana rawa a ƙasa kamar mai jin sanyi."

Sai kawai na zauna a kan buhun wani.

Har yau ban san abin da ya ta da yarinyar ba, ban kuma san wanda ya ari idanuna a ranar ba. Inno ta rasu ban nemi gafararta ba. 'Yan'uwa, in mai ƙarfi yana kuka ya ce ku duba, ku fara yin a'uziyya kafin ku duba.