Baban da Ya Juya Baya a Shafi na Tara

Wata Litinin hedimasta ya aiko a kira ni daga aji huɗu. Na same shi da kwali a buɗe a kan tebur, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

"Malama, yayanki ya shiga littafi," in ji shi. "Ke za ki fara karanta wa yara, tunda jininki ne."

Na karɓa hannu biyu, har da godiya. Da na san abin da ke ciki, ko da sanda ba zan taɓa shi ba.

Yayana shi ne ɗan fari a gidanmu, ni ke bi masa. Yanzu yana koyarwa a wata jami'a a Turai, aikinsa binciken taurari, abin da ke ci a cikinsu da nisan da ke tsakaninsu. Wata Baturiya mai rubuta littattafan yara ta yi hira da shi, ta mayar da ƙuruciyarsa labari da Turanci, aka yi masa zane-zane masu launi. Shi ne ya aiko wa tsohuwar makarantarsa kwali guda, wai don yara su samu abin koyi.

Tun daga shafin farko raina ya fara ɓaci. An zana Potiskum bukkoki uku da raƙumin dawa yana leƙe. Raƙumin dawa! A garin da tirela ke hana mutum tsallaka titi ranar kasuwar shanu. Aka zana yayana ba takalmi, ya hau rufin ɗaki yana hangen sama ta cikin bututun kara da ya haɗa da kansa. Wannan yaron da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, wanda ko katanga bai taɓa hawa ba don tsoro. Na yi tsaki na wuce. Ƙaryar ado ce, ba ta cuci kowa ba.

Sai shafi na tara. Wani dattijo ne tsaye a gona da magariba, gero kore shar ya kai masa kafaɗa, ya juya wa yaro baya. Yaron shi kaɗai yana kallon taurarin Kaza a tsakiyar sama. A ƙasa layi biyu ne kawai. Ma'anarsu ita ce, mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yi masa magana ba, don haka yaron ya koma hira da taurari.

Na rufe littafin. 

Abin da ya fi ƙona mini rai, babu kalmar ƙarya ko ɗaya a layin farko. Baba bai taɓa kiran sunan yayana ba. Ɗan fari ne, kuma Baba mutumin da ne, kunyar ɗan fari ta kama shi har wuya. Ba ya kiran sunansa, ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya ci a gabansa. "Wancan" yake ce masa. Duk unguwar Hausari ba wanda zai ga haka ya ce ƙiyayya ce. Ko ɗan aji ɗaya ya san wanda uba ya fi kauce wa sunansa, shi ne ya fi zama masa a rai.

Kuma wa ya koya masa taurarin? Gonarmu tana kan hanyar Nangere. Da an idar da sallar asuba muke fita, Baba a gaba yana tura keke, ni a gefensa, yayana a baya yana jan ƙafa yana hamma. Baba ya san lissafin taurarin damina kamar yadda ya san 'ya'yan carbinsa. Sai ya tsaya ya nuna gabas, ya ce, "Ke, duba can. Kin ga Kaza da 'ya'yanta? Ta ɓace kwanaki, ga ta ta dawo. In ta fito da asuba haka, a gyara iri." Da ni yake magana, amma da muryar da za a ji daga ƙarshen gona. Ni da nake gab da gwiwar hannunsa, me zan yi da wannan ihu? Ina 'yar shekara bakwai na gane ba ni ake koya wa ba. In yayana ya yi tambaya, ni yake tambaya, Baba kuma ya amsa mini. Shekara da shekaru ni ce bututun, ba wani kara ba.

Ranar da yayana zai tafi jami'a, Baba ya ce shi ba ya rakiya, yana da aiki. Da motar ta tashi daga tasha, na hango shi a bayan bishiyar darbejiya riƙe da kekensa. Bai motsa ba sai da ta ɓace.

Da aka tashi daga makaranta na kira yayana a waya. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, kai ka faɗa wa matar nan Baba ba ya yi maka magana?"

"Tambayata ta yi, na ba ta amsa. Ƙarya na yi?"

"Ka faɗa mata dalili?"

 Ya ce ya gwada, amma masu buga littafin sun ce yaran can ba za su fahimci kunya ba, labari ya fi armashi in yaro ya yi shi kaɗai.

"To sai ka sayar musu da ubanka don labari ya yi armashi."

"Kina da zafi da yawa. Littafin yara ne fa. Kuma ke ba ki san yadda abin yake ba, ke ai yana kiran sunanki."

"Kai da ka san nisan tauraro, ba ka san nisan muryar Baba ba?" Na kashe wayar kafin in faɗi abin da ba a faɗa wa yaya.

Ban damu da yaran Turai ba, su yi ta tausayinsa har su gaji. Abu ɗaya ne a gabana: kada Baba ya ji. Ya haura tamanin, ido ya fara rauni, kullum bayan la'asar yana kan tabarma a ƙofar gida. Duk wanda ya tambaye shi labarin ɗansa, sai ya kau da kai ya ce, "Yana can," amma fuskarsa takan yi haske. Washegari na kwashe littattafan na kulle a kabad, na ce wa hedimasta Turancin ya fi ƙarfin 'yan aji huɗu. Ashe mutumin nan, da rawar kansa, tun ranar farko ya raba wa abokansa kwafi-kwafi don a san makarantarsa ta haifi babban mutum.

Ranar Juma'a na je gaida Baba. Ban gama durƙusawa ba ya ce, "Ke, an ce wancan ya yi littafi." Ya zaro shi daga ƙarƙashin tabarma. "Karanta mini."

Baba ajami yake karantawa, bai san boko ba. Na zauna na fara fassarawa. Da ya ga raƙumin dawa ya yi dariya har da tari. Da muka iso shafi na tara, na shirga ƙarya. Na ce an rubuta cewa mahaifinsa manomi ne masanin taurari, kullum da asuba yana nuna masa Kaza a hanyar gona, daga gare shi ya gaji ilimin. Na yi ta zuba, har da keken na sa.

Ya karɓi littafin ya matso da shi kusa da ido. Ya daɗe yana kallo.

"Wanda ya zana wannan bai taɓa noma ba," ya ce. "Gero kore haka, da magariba, Kaza a tsakiyar sama? Sai dai da asuba. Ki faɗa wa wancan a gyara."

"To, Baba."

Na miƙa hannu in buɗe shafi na gaba, ya danne takardar da yatsa a kan layukan nan biyu.

"Layi biyu ne, kin karanta goma. Ba komai. Jiya an karanta mini a ƙofar masallaci."

Na rasa inda zan sa idona. A lokacin, da yayana na gabana, da na manta cewa ya girme ni. Baba bai yi fushi ba, da ma ya yi, da na samu sauƙi. Ya ci gaba da kallon dattijon nan mai juyayyen baya, yana shafa gefen shafin da babban yatsa. Can ya ɗago, ya tambaye ni a hankali, irin tambayar wanda da gaske yake son a ba shi amsa.

"Ke, ashe bai ji ba? Ni kuwa ina ɗaga murya."