Turmin Baffa Mode

Baffa Mode ba ya gaisuwa irin ta mutane. Ka ce masa ina kwana, ya ce maka, "Wa ya haifi uwarka?" Ku da kuka zauna da shi a Bodinga kun sani. Har yau in an ambace shi dariya kuke yi. Ni ba na yi, sai dai in ta ƙwace mini.

Ƙanen ubana ne. Gidanmu a Dandin Mahe gidan dundumi ne. Rana na faɗuwa ido ya bi ta, in shekaru suka ja, ranar ma ta daina amfani. Haka ubana ya ƙare, da sanda. Mutane suka ce sammu ne, wasu suka ce kakanmu ne ya yi fitsari a gindin tsamiya. Baffa malamin asibiti ne a ɗakin shan magani. An taɓa tura shi Kano ɗan gajeren kwas wajen likitocin ido, ya dawo da magana ɗaya: abin nan gado ne, a jini yake tafiya, in kuma jini ya auri jini ya fi samun ƙofa. Aka yi masa alkawarin babban kwas, inda ake koyon bin jinin gida da ba masu shirin aure shawara. Ya sayi akwati, da farar riga, da takalmi sau-ciki, ya kulle, ya zauna jira.

Jiran bai hana shi fara aikin ba. Duk ɗaurin auren dangi sai ya miƙe kafin a raba goro.

"Kakar ango da kakan amarya, ba ciki guda sunka hito ba?"

"Mode, zamna," in ji liman.

"Na zamna. Ni ban hana ba, na dai hwaɗi."

Da aka gaji, sai a ɗaura a ɓoye, a aika masa goro daga baya. Ya cinye goron tas, ya ce wa ɗan aike ya koma ya ce bai hana ba.

Sai abin ya zo kaina. Shekarar da farar hula suka karɓi mulki na nemi Asma'u, 'yar babban wan ubana. Tana so, ina so, kowa ya ce tuwona maina. Baffa ya same ni a fadama ina dashen albasa.

"Sanda, ina kaka samo irin wanga?"

"Wurin da bai yi ciwo ba."

"To. Albasa ka bincika uwatta, ɗiyanka ko oho. Ubanka da sanda, wan yarinya da sanda. Ni ban hana ba."

Bai hana ba. Kullum dai kekensa na jingine a ƙofar gidan su Asma'u, shi kuma yana zaure yana lissafa makafin zuri'a da sunayensu, har ubanta ya ce ya fasa, a bar shi ya ji da kunnensa. Aka aurar da ita Horo Birni. Damina guda ban yi wa Baffa magana ba. Bai ma lura ba, ya tafi Sifawa nema mini mata.

A can ya samo Kulu. Amma kafin ya yarda sai da ya yi gwajinsa. Ya jira almuru, lokacin da mai dundumi ke fara lalube, ya mirgino turmi ya ajiye a tsakiyar hanyar ɗakin kakarta, ya ce a kira tsohuwa. Ta fito, ta kewaye turmin, ta tsaya ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Wane marar aikin yi ya aje min turmi ga hanya?"

"Alhamdu lillahi," in ji Baffa. "Zage ni, Inna. Kina gani."

Uban Kulu ya ɗauko taɓarya. Da kyar aka raba. Auren dai an yi.

Da Kulu ta haifi Dije na je na tambaye shi abin da ya hana ni barci. Na ce, Baffa, ka raba ni da wadda nake so, yanzu gaya mini, yarinyar nan za ta gani?

Ya ce, "Rabin karatu gare ni, Sanda. Bari in dawo kwas."

Nan ne haushina yake, kuma ba da shi ba. Bawan Allah nan ya yi ta hawa keke zuwa Shagari, ya yi ta shiga mota zuwa Sakkwato. Yau a ce babu kuɗi, ostariti ake, gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Gobe a ce takardarsa na kan tebur. Da gurbi ɗaya ya fito, aka ba ɗan wani mai faɗa a ji a jam'iyya, yaron da ko ɗigon magani bai taɓa sa wa ido ba. Ya je ya dawo ya buɗe shagon sayar da taya. Soja suka karɓe, aka ce a sake rubutawa daga farko. A lokacin sabulu ma layi ake yi masa, wa zai saurari mai zancen kakanni? Ku kuma da kuke ce masa Likita Bokan Turmi in ya wuce, kun san kanku.

Yunwa ta yi yunwa, na ce ya sayar da takalmin ya ci tuwo. Ya ce, "In hau jirgi da takalmin taya?" Ya ci gaba da shan kunu. Duk Juma'a ya fito da takalmin, ya goge, ya mayar.

Aure kuwa bai taɓa yi ba. Kun ce rowa ce. Ranar da na gane dalili, ya zo gwada Dije ne, ya ajiye turmi da hannunsa, ya juya, ya yi karo da shi har ƙwauri ya fashe. Na kama shi. Ya fizge.

"Turmin ga ya matsa."

"Baffa, turmi ba ya tafiya."

"Naku na yi."

Bai daina zuwa ba. A gidanmu, yaron da ya fara azumi bai fara karo ba, ya tsira. Shekarar da Dije ta fara azumi, Baffa ba ya ganin ko tafin hannunsa. Ya sa na jawo shi, ya laluba ya ajiye turmin, ya zauna ya karkata kunne. Na ƙwala mata kira. Ta sheƙo da gudu, ta tsallake turmin kamar akuya, ta ce, "Baba, ga ni."

"Ban ji ƙara ba," in ji shi.

"Babu ƙara, Baffa."

"To. Na hwaɗi." Ya goge fuska da hannun riga, ya ce hayaƙin Kulu ya cika yaji.

Da ya rasu muka buɗe akwatin. Farar rigar na nan a ninke. Dije ta ɗauka. Yanzu tana aiki a ɗakin masu ciwon ido, ta yi karatun da aka hana shi, kuma tana tambayar mutane wa ya haifi wa, ana amsa mata da ladabi. Rigar ta yi mata yawa. Ta ƙi a rage.

Allah ya jiƙan Baffa Mode. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa can babu almuru, babu abin karo a hanya.