Kakar Ƙwallon da Hajiya Ta Tsara Daga Kan Turmi

Ina ɗan shekara goma Hajiya, mahaifiyar Abbanmu, ta zo Alƙahira don a yi mata aikin gwiwa. A lokacin muna zaune a unguwar Faisal, hawa na biyar a wani bene marar lifta, Abba yana karatun digirinsa na uku. Wata biyu aka ce za ta yi, sai ta cinye sanyin shekarar 2013 gaba ɗaya tare da mu, don likita ya hana ta yawan hawa da sauka.

Shekarar ana yawan ɗauke wuta. Da an idar da sallar magariba fitila ta mutu, sai Hajiya ta ce a miƙo mata kaskonta. Umma ta hura gawayi a baranda, idan ya yi ja ta shigo da shi falo, a bar ƙofa a ɗan buɗe saboda hayaƙi. Ni da ƙanwata Safiyya mu matso da barguna, Hajiya ta binne dankali a toka, ta miƙe ƙafar da aka yi wa aiki a kan matashi. Tatsuniyoyi ta fara yi mana, har sai da suka ƙare mata, ta shiga maimaita waɗanda muka haddace.

Wata rana tana cikin ba mu labarin kura sai ihu ya tashi daga shagon shayin da ke ƙasan benenmu. Su suna da janareta, kuma duk ranar wasa maza kan cika wurin har bakin titi. Na zabura na leƙa.

"Me aka yi kuma, Maigida?" Haka take kirana, irin wasan kaka da jika.

"An ci ƙwallo ne, Hajiya. Ke ba za ki gane ba."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ni ce ba zan gane ba? Yalla, maza dawo ka zauna. Yau ba tatsuniya zan yi muku ba, abin da ya faru ne, da idona na gani."

Ta ce tana amarya aka tura kakanmu, Malam Bello, wata ƙaramar kwalejin horon malamai a ƙauye. Lissafi yake koyarwa, amma da yake shi ne ƙarami a cikin malamai, sai shugaban kwalejin ya ɗora masa kula da wasanni. Bai taɓa buga ƙwallo ba a rayuwarsa. 'Yan wasansa goma sha uku ne cif, yawancinsu 'ya'yan manoma, rabinsu ba takalmi. Makarantu shida ne a gasar lardi, kowace za ta kara da kowace sau biyu. Wasan farko da babbar sakandaren birni aka yi, aka zura musu biyar ba ko ɗaya, 'yan kallo suna yi musu ihun "'yan gona". Na biyu ma suka sha kashi. Shugaban kwalejin ya kira Malam ya ce idan aka sake jawo musu abin kunya a na uku, zai janye su daga gasar ya mai da filin gonar makaranta.

"Kakanku ya dawo ko tuwo ya kasa ci," in ji Hajiya. "Ni kuwa filin nan a bayan katangarmu yake. Kullum da la'asar in na gama aiki sai in kifa turmi in hau, in leƙa. Ba wanda ya san ina nan."

Daga can sama ta ga abin da mijinta bai gani ba yana tsaye a gefen fili da usur a baki. Duk inda ƙwallo ta nufa, yaran goma su bi ta a guje kamar kaji an watsa musu tsaba, su bar gola shi kaɗai. Ta kuma lura da wani dogo, Iliya, kyaftin ɗinsu, wanda ake sawa a gaba saboda tsawonsa, alhali ba ya gudu, sai dai duk ƙwallon da ta zo ta sama shi ke tare ta. Ga kuma wani ɗan tsurut, Garba, da ake bari a benci, wanda in aka aike shi ɗauko ƙwallo daga cikin dawa kafin ka ƙifta ido ya dawo.

Da yamma ta ɗauko faifai da gyaɗa, ta jera ƙwaya goma sha ɗaya a gaban Malam. A nan Hajiya ta sa Safiyya ta kawo faranti, ta jera mana waken ful ɗin Umma don mu gani.

"Na ce masa, Malam, huɗu su tsaya a baya kada su motsa ko ana rabon nama a gaba. Dogon nan ka mai da shi tsakiyarsu. Ƙaramin nan kuma ka sake shi a gefe."

"Me ya ce?" Safiyya ta tambaya.

"Dariya ya yi har da tari. Ya ce, Lami, yaushe kika zama Baturen wasanni? Na kwashe gyaɗata na tashi. Da asuba na fito na same shi tsugune a tsakar gida, ya jera tsakuwa yana ta kallo."

Daga ranar, kowace yamma wasa ɗaya Hajiya ke ba mu, ba ta ƙarawa ko mun yi magiya. "Khalas," za ta ce, wato shi ke nan, don ta koyi kalmar Larabcin wurin Umma, "a je a yi isha'i." Wasa na uku aka tashi canjaras, ba wanda ya ci, fili ya tsira. Na huɗu Garba ya zura biyu. Akwai ranar da ruwa ya tsuge aka yi wasa cikin taɓo, 'yan gona suka ga ta samu, don su a taɓo suka girma. Akwai ranar da gola ya karye a yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ƙarasa. Sun sake faɗuwa sau ɗaya, Hajiya ta ce laifinta ne, ita ta ce a matsa gaba da wuri. Ni da na raina ta, sai ga ni ina addu'ar a ɗauke wuta.

Duk wannan lokaci ɗalibai sun ɗauka dabarar Malam ce. Shi bai ce tasa ba ce, bai kuma ce ba tasa ba ce.

Wasan ƙarshe ya faɗo da sakandaren nan da ta yi musu biyar, kuma a filinsu na birni. Saura kwana biyu zazzaɓi ya kwantar da Malam, ko zama ba ya iyawa. Ranar jajiberi da hantsi Hajiya ta ji sallama a zaure. Ta saka mayafi ta tsaya a bayan ƙofa. Iliya ne.

"Matar Malam, ina kwana, ya mai jiki?" Sannan ya rage murya ya ce, "Ki yi haƙuri, ni daga baya nake tsayawa, ina ganin katanga. Tun wasa na uku na san ɗankwalin da ke leƙowa. Gobe ya za mu yi?"

Hajiya ta ce kunya ta kama ta kamar ta nutse. Ta koma ɗaki ta gaya wa Malam. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Je ki gaya masa, Lami. Ai dama ke ce."

Ta dawo bayan ƙofa. Ta tuna yadda Malam ya ba ta labarin wasan farko, cewa 'yan birni da zafi suke farawa, kafin a juya sun gaji. Ta ce wa Iliya su haƙura su tsare gida har hutun rabin lokaci, ko ana zaginsu kada su fito. In an dawo, duk ƙwallon da ya tare ya cilla ta gefen Garba, kada ya tsaya neman gwaninta.

Ba ta ga wasan ba. Tana tankaɗe a tsakar gida, ta tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe, har rana ta yi ja. Sai ta jiyo hon ɗin motar kwaleji tun daga bakin kasuwa, ba ƙaƙƙautawa. Motar ba ta tsaya a ofishin shugaba ba, ƙofar gidanta ta zo. Ɗaya da nema suka ci, Garba ne ya zura ana saura kaɗan a tashi. Ba su ɗauki kofi ba, na biyu suka zo, amma ba a taɓa doke makarantar nan a filinta ba sai ranar.

Malam ya fito dafe da bango, ga ɗalibai, ga malamai, ga shugaban kwaleji da ya biyo motar da ƙafa. Suka fara yi masa tafi, ya ɗaga hannu ya tsayar da su.

"Ni usur kawai na hura," ya ce. "Mai aikin tana ciki."

A nan Hajiya ta ƙare labarin, tana juya garwashi. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

Ina yaro, abin da na ɗauka daga labarin shi ne ƙananan makarantu ma suna iya kayar da manya. Da na girma sai na fara shakka, na ce ko Hajiya ta ƙara gishiri ne don ta rama rainin da na yi mata. Abba bai iya raba gardamar ba, ba a haife shi ba a lokacin.

Bayan mun dawo gida da wasu shekaru Allah ya yi mata rasuwa. Rana ta biyu muna zaman makoki a ƙofar gida, sai ga wasu dattawa biyu sun sauko daga a-daidaita-sahu, ɗaya dogo ya ranƙwafa a kan sanda, ɗaya gajere yana riƙe da hannunsa. Ba wanda ya san su. Dogon ya yi sallama ya ce, "Nan ne gidan Kocinmu?"

Suka zauna suka ba mu labarin kakar nan wasa bayan wasa, ba inda ya saɓa da nata. A zaune a kan tabarmar nan na gane abin da ya sa fuskarta ta canja lokacin da ta kai ƙarshen labarin. Nasarar ta yi mata daɗi, amma abin da ta riƙe fiye da shekara hamsin shi ne mijinta ya tashi daga kan gadon ciwo ya faɗi gaskiyarta a gaban mutane. Da dattawan za su tafi, gajeren ya riƙe hannuna ya ce, "Yaro, ni ba wanda ya taɓa ganin ina da amfani kafin kakarka."