Ranar da Aka Narkar da Munduwata

Shekarar da yaƙi ya rufe hanyoyi, dawarmu ta damina ta tsaya a daji har tsuntsaye suka cinye ta, don ba wanda zai je girbi a harbe shi a banza. Abin da ya rage mana shi ne 'yar gonar albasa a bakin kogi, kusa da garin Abu Na'ama, da tsohon injin ban ruwa wanda mu nan muke kira babur. Maigidana da wansa ne suka gaje shi tare. In albasar ta yi, mu samu na sawa a baki har wata damina. In ba ta yi ba, ban san me za mu ci ba, kuma ba wanda ya sani.

Maigidana manomi ne, amma Allah ya jarrabe shi da son gyare-gyare. A bayan ɗakinmu ya kafa rumfa, da zugazugi da awartaki da magagari, yana liƙe butoci da tukwanen kofi na unguwa, yawanci kyauta. Na sha yi masa tsiya cewa ya fi sanin hujin butar maƙwabta fiye da yoyon rufin ɗakinsa. Daga surutunsa na koyi cewa haɗa jan ƙarfe iri biyu ne. Akwai liƙin dalma, mai saurin narkewa, na abin da ba ya shan wahala. Akwai kuma na azurfa, wanda sai ƙarfe ya yi ja, na abin da ke shan zafi da girgiza. Kuma ba sa zama wuri ɗaya: inda dalma ta taɓa shiga, in aka matsa wuta, cinye jan ƙarfen take yi.

Maigidana ya tafi wajen garin Dinder neman man injin, ya yi kwanaki. Da ya dawo da jarka a kafaɗa sai ya tarar babur a kwance. Wani siririn bututun jan ƙarfe da ke kai baƙin mai zuwa kan injin ya tsage. Wansa ya ce girgiza ce ta tsaga shi. Aka gwada tiyo na roba, zafi ya fasa shi nan take. Shagunan kayan inji na gari duk a rufe, wasu ma ba ƙofa. Ganyen albasa kuwa ya fara kwanciya, bakinsa yana rawaya.

Ni na kawo munduwar. Siririya ce, ta azurfa, ta kakata. Uwarta ce ta sako ta a hannu tun daga ƙasar Sakkwato, a ƙafa, da niyyar Makka, tafiyar ta ƙare musu a nan. Ba zan ce da daɗin rai na bayar ba. Sai da na yi kukana a ɗaki na share fuska, sannan na ajiye masa ita a kan tabarma.

“Ke ko kin tabbata?” ya ce.

“Munduwa dai ba ta shiga tukunya. Ɗauka, kalas, magana ta ƙare, tun ban sake tunani ba.”

Da hantsi aka hura gawayi. Wan nasa ya zo da kansa, ya ce shi zai ja zugazugi. Ni ina bakin rumfa a tsaye. Maigidana ya narkar da munduwar da ɗan guntun tagulla a ƙaramin kasko, ya zuba, ya buga ta ta yi fale-fale, ya yayyanka. Da ya ɗauki bututun zai goge, sai na ga ya tsaya yana jujjuya shi a rana.

“Yaya, wanga karce fa?”

“Datti nik kankare da wuƙa, don in ga tsagar.”

“To, tamam,” in ji maigidana.

Shi ke nan tambayar. A wurinmu ƙane ba ya tambayar wansa abu sau biyu, ya zama kamar ya ƙaryata shi ke nan. Matar ƙane kuwa ba ta da baki ko na sau ɗaya. Amma na ga yadda wan ya sunkuyar da kai yana jan zugazugi da ƙarfin da ba a nema ba, na gane akwai abin da ya ɓoye.

Maigidana ya goge bakin tsagar har ya yi ƙyalli, ya shafa sinadari, farin garin nan da ke sa azurfa ta gudu, ya jera 'yan yankan a kai, ya sa a wuta. Jan ƙarfen ya yi duhu, sannan ya fara ja. Na sha ganin wannan aiki: azurfa takan yi sheƙi ta shige tsaga kamar man shanu a tuwo mai zafi. Ranar sai ta dunƙule ƙwaya-ƙwaya ta ƙi shiga. Ya ce a ƙara iska. Sai wani abu toka-toka ya tsattsafo daga cikin bututun, gefen ya lotsa, ya ɓurme. Kafin ya fizge shi daga wuta ramin ya kai tsawon tafin hannu.

Ya daɗe yana kallonsa a bakin awartaki.

“Dalma ce, Yaya.”

“Ta tsohon batir,” in ji wan, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Randa kat tahi yat tsage, nil liƙe shi da ita. Nis so ka ishe ruwa na gudu. Ya riƙe har azahar. Da yaɓ ɓalle sai nij ji kunya, nik kankare. Ma'alesh, ka yi haƙuri.”

Ya kankare ta waje, ta ciki tana nan. Da ya faɗa tun farko, tsawon ɗan yatsa guda za a yanke a yar, a haɗa sauran, ya kai. Yanzu ko an yanke ruɓaɓɓen, abin da ya saura ba zai kai daga wannan baki zuwa wancan ba.

“Ba komi, Yaya,” maigidana ya ce. “Haka Allah yas so.”

Ba komi! Na juya na shige gida don kada in faɗi abin da zai raba zumunci. Har yau ina gaishe da wan nasa da ladabi in durƙusa, kuma har yau ban yafe ba. Ban ma san wa na fi jin haushi ba, wanda ya ɓoye ko wanda ya gani ya kasa sake tambaya.

Aka bi ƙauyuka neman bututu, kowa nasa injin yake lallaɓawa. Ƙasar gonar ta tsattsage har hannu yana shiga. Muka koma ɗibar ruwa da jarka daga kogi, muna hawa gangaren nan mai santsi, mu zuba, ƙasa ta shanye kafin mu juya baya. Gonar da inji ke wuni yana shayarwa ba ta jarka ba ce, mu duka mun sani.

Wata safiya maigidana ya ajiye jarkarsa a bakin gona, ya tsaya yana haki. Bai dube ni ba.

“Ba mu iya ta duka,” ya ce. “Ke kib ba da azurfa. Zaɓi waɗanda za mu ba ruwa.”

Na bi kunyoyin nan da ni na dasa da hannuna, ina duba wanda ke da sauran kore. Na nuna masa biyu na kusa da kogi. Sauran muka riƙa wucewa ta gefensu da ruwa a ka, safe da yamma, har suka bushe.