Madam Ikilima da Yaran da Ba Su Amsa Kiran Suna Ba

Idan an gama kiran suna a azuzuwa, malamai sun juya ga allo, a lokacin ne aikin Madam Ikilima yake farawa. Takan bi aji-aji ta tsaya a bakin ƙofa ta ji su wa da wa ne ba su amsa ba. Daga nan sai ta gyara ɗaurin mayafinta, ta zura takalmin roba, ta ɗauki lema ko da rana ake ƙwallawa, ta fice ta nufi cikin unguwa. Ta bi ta bayan masu sayar da garin rogo, ta tsallake magudanan da ruwan sama ya cika da jan laka, ta ratsa tsakanin masu tura amalanke da 'yan babur. Duk gidan da ta tsaya ta yi sallama, mutanen ciki sun san abin da ya kawo ta.

Makarantar firamare ce ta gwamnati, a gefen Kilomita Biyar, unguwar da mu mutanen Bangui muka fi sani da Sankilo. Aikin da aka ɗauke ta dominsa shi ne kula da ɗa'ar ɗalibai. Dokar makarantar a kan fashi ba ta da tsawo: yaron da ya ƙi zuwa ba zai sake zama a benci ba sai uwa, ko uba, ko mai riƙonsa ya rako shi ya faɗi dalili da bakinsa. In fashin ya yi nisa babu wanda ya leƙo, a soke sunansa a ba wani gurbin. Babu inda dokar ta ce a bi yaro gida. Ita ta ɗora wa kanta wannan.

A unguwar Miskine aka haife ta. Ubanta Bakano ne mai sayar da atamfa, uwarta 'yar ƙasa, don haka Sango da Hausa duk ɗaya ne a bakinta. Da rikicin ƙasar nan ya iso unguwarsu, an ƙone gidansu, mijinta ya fita nemo musu motar gudu, har yau bai dawo ba. Ta shigo Sankilo da 'ya'yanta da ƙullin kaya a ka. A wancan zamanin unguwar ta koma kamar kurkuku, mutum ba ya ƙetare iyakarta ya tabbatar zai kwana a gida. Makarantar ta cika da 'yan gudun hijira, aka yi girki da bencinan ajin. Da ƙura ta ɗan lafa aka sake buɗewa, yara da yawa sun manta hanyar, iyayensu ma sun manta.

Ta ji uzuri iri-iri. Wannan ya ce shago ba kowa. Wancan ya ce yaron ya bi babbar mota zuwa iyakar Kamaru, sai ya dawo. Wata ta ce biki ake yi a dangi. Ba ta faɗa, ba ta kuma tashi da wuri. Takan zauna a kan tabarma ta ce, "Ni ba yaron na zo nema ba, ku na zo nema. Yaro ba ya yin fashi shi kaɗai. Gobe ku zo da shi, ku faɗa wa direktan makaranta abin da kuka faɗa mini."

Akwai wata bazawara mai suyar makala, wato fanke, a bakin titi, sunanta Amariya. Ɗanta Lado yana aji biyar ya fara ɓacewa. Duk zuwan da Madam Ikilima ta yi, sai uwar ta ce, "Taya ni yake yi, Madam. Jibi zan kawo shi." Jibin bai zo ba. Ashe yaron ba wajen suya yake yini ba. Yana can gindin shingen da wasu samari masu bindiga suka kafa a bakin kasuwa, waɗanda ke kiran kansu masu kare unguwa. Suna aikensa sayen sigari, suna ba shi bindiga ya riƙe musu in za su ci abinci.

Masu shagunan wurin sun ga ranar da Madam Ikilima ta je. Ta doshi shingen da lemarta, ta tsaya a gaban babbansu, wanda shi ma ya taɓa zama a bencin makarantarta.

Ta ce, "Ka ba ni Lado. Ajinsu sun shiga."

Ya ce, "Madam, ba mu ɗaure shi ba. Ga shi nan, ki tambaye shi."

Ta juya ta kira yaron da Hausa, ta sake kiransa da Sango. Yana zaune a kan buhun yashi, kansa a ƙasa, bai ɗago ba. Ta daɗe a tsaye. Babban nasu ya matso ya rage murya ya ce, "Don girman Allah ki tafi. Ba duka ne suka san ki ba."

Ta koma ita kaɗai. Aka soke sunan Lado kamar yadda doka ta ce. Damina ba ta fita ba aka turo gawarsa a amalanke, an lulluɓe da buhu, ƙafafunsa a waje. Da Madam Ikilima ta je gaisuwa, Amariya ta riƙe mata hannu ta ce, "Da ma na rako shi ranar da kika fara zuwa."

Tun daga nan ta ƙara tsanani. Wanda a da take yi wa zuwa ɗaya a mako, yanzu kullum sai ya gan ta a ƙofarsa. Cikin waɗanda ta matsa wa akwai Alhaji Audi, mai sayar da kayan gyaran babur. Ɗansa na fari, Haris, yana ajin ƙarshe, jarrabawar fita ta kusa, amma uban ya tsare shi a shago saboda harbe-harben da ake yi jefi-jefi.

Ta same shi yana jera kacar babur a kantar shagonsa. Ta gaishe shi, ta ce, "Alhaji, bencin Haris ya yi ƙura."

Ya ce, "Madam, ƙura ba ta kisa. A nan ina ganinsa da idona."

"Shi kuma me yake gani da nasa idon? Ka dubi tsallaken titi."

Alhaji ya duba. Shingen samarin nan yana kallon ƙofar shagon. Ya ce, "In na ba ki shi, kin ɗauki alkawarin dawo mini da shi?"

Ta ce, "Wannan ba a hannuna yake ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Abin da zan iya shi ne in zo in tafi da shi da safe, in rako shi in an tashi."

Haris yana tsugune yana goge wani ƙarfe, ya ce a hankali, "Baba, ina so in yi jarrabawar." Alhaji Audi ya dubi ɗansa, ya dubi matar, ya ce, "To. Allah ya tsare."

Ta cika abin da ta faɗa. Kowace safiya takan tattaro yaran layin, ta sa su a gaba, ita a baya. Haka in an tashi. An yi makonni lafiya lau. Ran nan da azahar suna dawowa ta lungun masu walda, faɗa ya ɓarke tsakanin ƙungiyoyi biyu a bakin kasuwa. Ta daka wa yaran tsawa su kwanta. Suka zube cikin magudana, ita ma ta kife a kan ƙananan. Da harbin ya tsagaita ta shiga ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tashi, ban da Haris. Harsashi ya huda kwanon wata rumfa ya same shi a ƙasan wuya.

Ta cire mayafinta ta danne wurin. Wani mai walda ya ɗauko babur, aka sa yaron a tsakiya, ita tana rungume da shi ta baya. Kafin su kai asibiti ta ji jikinsa ya saki.

Mutane sun ce ta bari maza su je su gaya wa uban. Ta ce a'a, ita ta karɓo shi, ita za ta je. Ta shiga shagon ba mayafi, rigarta jiƙe da jini. Alhaji Audi yana ganinta ya miƙe tsaye, ya dafa kantar shagon.

Ta ce, "Alhaji, ban dawo maka da shi ba."

Ya yi salati. Ya daɗe yana kallon hannuwanta. Abin da ya ce da ita kawai shi ne, "Ki fita."

Bayan an yi jana'iza, unguwa ta ɗauki magana. Wasu suka ce ƙaddara ce. Wasu suka ce matar nan ce ta ja yaro daga gaban ubansa ta kai shi ga ajali. Mata suka riƙa saka sakata in sun ji sallamarta. Azuzuwa suka koma rabi. Ita kuwa ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa, ba ta ci sai an tilasta mata, ba ta fita ko tsakar gida. A duk shekarun aikinta, wannan ne karon farko da aka kira suna ba ta bakin aji.

Wadda ta je ta same ta ita ce Amariya. Ta tura ƙofar, ta ajiye kwanon makala, ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Yaya, nawa ba ya zuwa makaranta, an kashe shi. Na Alhaji Audi yana zuwa, an kashe shi. Ba ke kika riƙe bindigar ba. Ki leƙa shingen can ki gani, tun da kika daina fitowa yara nawa suka koma gindinsa." Madam Ikilima ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da abin ya faru. Da makon ya juyo, aka sake ganin lemarta a lungunan Sankilo da na unguwar Kokoro. Gidan da aka ƙi buɗe mata, takan tsaya a waje ta faɗi abin da ya kawo ta, ta wuce, ta dawo washegari.

Alhaji Audi bai sake amsa gaisuwarta ba. In ta biyo ta gaban shagonsa sai ya juya baya. Ita kuma ba ta canja hanya ba, ba ta kuma daina gaishe shi ba. Shekaru suka shuɗe a haka. Da ƙanwar Haris, Amira, ta isa shiga aji ɗaya, uwarta Aminatu ce ta riƙo hannunta ta kawo ta. Ta ce, "Inna, babansu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Shi marigayi Haris yana son karatu. Ga wannan." Madam Ikilima ta karɓi hannun yarinyar.

Tun rasuwar Haris, gida ɗaya ne a duk unguwar ba ta zuwa bin sawun fashi, shi ne na Alhaji Audi. Da Amira tana aji uku ta ɗauke ƙafa, Madam Ikilima ta yi ta kaiwa da komowa a bakin layinsu ta kasa shiga. Wata safiya tana tsaye a ƙofar makaranta sai ga Alhaji Audi, furfura ta cika masa gemu, riƙe da hannun 'yarsa. Ya tsaya a gabanta. Bai gaishe ta ba.

Ya ce, "Zazzaɓi ta yi. Ta warke. Na zo in faɗi dalili."

Ta ce, "An ji, Alhaji."

Ya saki hannun yarinyar, ya tsaya har ta shige aji, sannan ya juya. Har gobe iyakar maganar da ta shiga tsakaninsu ke nan.

Yanzu ciwon suga ya ci ƙafafunta, likita ya hana ta doguwar tafiya. A ƙarshen wannan zangon za ta ajiye aiki. Babu lambar yabo, babu wanda zai zo daga ma'aikata. Shi ya sa na ga ya dace a faɗi sunanta a gaban jama'a tun tana ji da kunnenta.

Madam Ikilima, 'yar Miskine, uwar masu makara. Ke ce kika san akwai mutuwa a hanyar makaranta, akwai ta a gindin shinge, kika ƙi yi wa iyaye ƙarya a kan ko ɗaya. Ke ce kika je da ƙafarki kika tsaya a gaban uban da kika karɓi ɗansa. An zage ki, an rufe miki ƙofa, kin ɗauki nauyin da ba naki ba ne ke kaɗai. Akwai masu ɗinki, da ma'aikatan jinya, da malamai a garin nan da ba don sallamarki a ƙofar gidansu ba, da ba mu san inda suke ba yau. Waɗanda kika rasa kuma, mun san ba ki manta ko ɗaya ba. Mun gode. Allah ya ba ki lafiya, ya jiƙan Lado da Haris, ya sanyaya zukatan iyayensu.

Ku kuma iyaye, daga zango mai zuwa babu mai ƙwanƙwasa muku ƙofa. In ɗanku ya fita da safe, ku san inda ya yini. In ya yi fashi, ku bar shagon, ku bar tukunyar, ku riƙo hannunsa ku zo ku faɗi dalili. In kuma ɗan maƙwabci kuka gani yana zaune a bakin titi lokacin da 'yan'uwansa ke aji, ku tsaya ku tambaye shi sunan ubansa, ku je gidan ku yi sallama.