Neman Jakar Farauta: Daga Kinkinau Zuwa Rafin Guza

Tarihin ɗan Adam, in aka dube shi da idon basira, tarihin ɗaukar kaya ne. Dauloli sun tashi sun faɗi a kan wa zai ɗauki me, kuma a cikin me. Na faɗi haka ne don kada wani ya raina tafiyar da na yi ranar Asabar, wadda zuwa da dawowarta ba su kai kilomita talatin ba.

Ga dalilinta. Tun da na ajiye alli na yi ritaya nake bin ayarin farautar Baba Sarkin Baka, wani dattijo Bazamfare mazaunin Rafin Guza. Ba na harbi. Nawa kallo ne da tambaya, sai riƙon guzuri. Bara, a tsakiyar sarƙaƙiya, jakar goyon da na ɗauka ta yage, garin kwaki da ƙuli-ƙulin mutum tara suka watse, karnuka suka yi walima. Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi bana sai jakata ta ci jarrabawa a hannunsa, in ta faɗi in zauna gida. Ayari zai tashi Litinin. Ni da na shekara talatin da biyar ina kayar da 'ya'yan mutane.

Kinkinau, 5:50

Na fito bayan sallar asuba, na tari Keke Napep a bakin titi. Direban, Bakatsine, ya tambaye ni ina za ni da wannan sammako. Na ce kasuwa, sayen jaka.

"Alhaji, jakar guduwa za ta yi?"

Mun isa Babbar Kasuwa 6:20. Gaskiyarsa: ko tsintsiya ba a fara ɗagawa ba. Na zauna wurin mai shayi, na sha kauri da burodi, na yi awa biyu ina nazarin yadda ake buɗe kwaɗo.

Babbar Kasuwa, 8:30

Mai shagon farko, wani Bakano mai zaƙin baki, ya sauko mini da wata sabuwa fil, ja, mai zif goma sha ɗaya. Na ƙirga da kaina. Na tambaye shi amfanin kowane, ya amsa bakwai, sauran ya ce na ado ne. Na ja hannunta kaɗan, zare ya yi mini murmushi. Na mayar.

Sai ya rage murya, ya jawo wata daga ƙarƙashin benci, mai launin kakin soja. Wannan kam jaka ce: kauri, ɗinki biyu-biyu, ƙarfe a madauri. Har na goya ta ina duba kaina a gilashin shago, ina ganin wani janar da aka manta ba a ɗauka ba. Wani dattijo mai sayar da bargo a shagon gefe ya leƙo.

"Malam, shingen bincike nawa ne tsakaninka da dajin naku?"

"Huɗu."

"To a na farko za ka bar ta, bayan tsallen kwaɗo. Yaya gwiwoyin?"

Na sauke ta a hankali, kamar ƙwai. Ashe farar hula ba ya yawo da wannan launi, ko a jaka ne. Dattijon ya tura ni layin 'yan gwanjo, ya ce in nemi wadda ta riga ta sha wahala ba ta mutu ba.

A can, 10:15, na same ta: ruwan ƙasa, mummuna, ta tamfol, ba zif ko ɗaya sai igiya da murfi, ga ɗamara ta ƙugu. Mai ita ya yi mamakin da wani ya kula ta har ya manta bai tsuga kuɗi ba.

Kasuwa zuwa Kawo, 10:40

Bas ce, mu huɗu a kujerar mutum uku. Kwandasta ya ce jakar sai ta biya kuɗin mazauni, na ɗora ta a cinya. Minti talatin da biyar, har da tsayuwar zuba ruwa a lagireto. Daga Kawo na sake hawa keke zuwa Rafin Guza.

Rafin Guza, 11:30

Na fara biyawa wurin Malam Idi baduku, mai ɗinka wa maharba kube da warki. Ya juya cikin jakar waje, ya bi ɗinkin da babban yatsa kamar mai duba rubutun ɗalibi.

"Jaka wuri uku take mutuwa," in ji shi. "Gindin hannu, ƙasa, da baki. Sauran duk hira ce."

Na tambayi me ya sa ba a son zif. Ya ce yashi ke cinye haƙoransa, ƙararsa kuma fakara na ji tun daga nesa. Ya ɗauko basilla da zaren taya, ya lulluɓe gindin hannayen da fata, ya shimfiɗa wata a ƙasa. Sannan ya loda mata bulo biyu, ya rataye ta a reshen darbejiya, muka zauna a ƙarƙashi muna cin rogo da ƙuli. Na ɗan matsa gefe. Minti arba'in, ko nishi ba ta yi ba.

Gidan Baba, bayan azahar

Na tarar da shi a zaure yana shafa wa bindigarsa ta toka mai. Jakunkunan 'yan ayari na jere jikin bango, wata ta fata, wata ta buhu.

"Malam, mi ka kawo muna?"

Na miƙa da hannu biyu. Ya shinshina ta, ya ce ba ta warin kanti, nama ba zai gudu ba. Ya karce ta da ƙayar bagaruwa. Ya taka ɗamarar ya ja da ƙarfinsa. Sai ya tashi ya ɗauke jakar da ke farkon layi, ya sa tawa a gurbinta.

"Ta ci. Duk ayarin ga babu kamar ta."

Na tambayi ma'anar jerin. Ya ce su a al'adarsu ba mutum ake raba wa kaya ba, jaka ake raba wa, gwargwadon ƙarfinta. Ta ƙarshe ta ɗauki gishiri da ashana, ta farko kuma ta ɗauki ruwan sha. Na ce wannan girma ya yi mini yawa. Ya ce ba komai, na cancanta.

Kinkinau, 3:45

Na iso gida lafiya ta hanyar da na bi, da jakata a baya, mutanen layi na tambaya ko makaranta zan koma. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina gode wa dattijo mai bargo da ya ceci gwiwoyina, da Malam Idi da aikinsa ya kai ni sahun gaba.

Bayan la'asar Baba ya aiko mini da jarkar ruwan. Lita ashirin da biyar ce, kuma daga inda mota take tsayawa zuwa sansani tafiyar awa uku ce a ƙafa.