Zaren Gwal a Ƙyallen Goge Ƙafa

Har yau ban manta da wata ranar Laraba ba, ana saura kwana huɗu bikin Ista na Kirista, lokacin ina shekara ta shida a shagon ɗinkin Alhaji Rasaki a Fagge. Ku da kuka same ni da furfura kuna ce mini Baba Bukar, ku sani a ranar saura ƙiris in bar wannan sana'a ba shiri.

Tsarin shagon a lokacin shi ne, Alhaji ke awo da yanka, masu haɗi su haɗa, ni kuma ina kan keken ado, ina yi wa wuyan riga da aljihu aiki. Doka ɗaya ce Alhaji ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: wanda ya ɓata kayan da ba a samun irinsu a kasuwa, ya ɗauki almakashinsa ya kama gabansa. A gabana aka yi wa mutum biyu haka. In kuwa Alhaji ya sallame ka, babu shagon da zai karɓe ka a duk layin. Ga ni da mata da jaririya 'yar wata biyu.

Akwai wata coci a Sabon Gari da ta daɗe tana kawo mana ɗinki. A shekarar an yi musu sabon shugaba, Rabaran Yohanna, wanda aka ɗora a kan coci-cocin yankin duka. Shugabar matan cocin, Mama Rifkatu, ta kawo yadin rigarsa, ta kuma kawo wani farin ƙyalle saƙar hannu. Ta ce mahaifiyar Rabaran ce ta saƙa shi a ƙauye, tsohuwa ce, idonta ma ya fara rauni, kuma ɗaura shi zai yi a ƙugu a gaban jama'a ranar Alhamis. Ta ce a kalmashe bakinsa kawai. Alhaji ya gama rigar, ya miƙo mini ƙyallen, ya tafi ta'aziyya Ilori da niyyar dawowa Laraba.

Na baza ƙyallen a tebur na dube shi, fari fat, ko ɗigo babu. Na ce a raina, ai wannan cin fuska ne. Babban mutum, ranar fitarsa ta farko, a ce ya ɗaura abu kamar likkafani? Na ɗauka kuɗin ado ne matar ke gudu. Sai na ce bari in yi musu kyauta, su san Fagge suka kawo ɗinki. Kwana biyu na yi a kansa da zaren gwal, na cike bakinsa biyu da aiki mai faɗin tafin hannu. Ina yi ina yaba kaina.

Laraba da hantsi Mama Rifkatu ta zo karɓa. Na warware mata ina murmushi. Sai ta dafe ƙirji.

"Wayyo, Malam Bukar! Wa ya sa ka?"

"Mama, kyauta ce. Ba za ki ƙara ko kwabo ba."

"Ɗana, ƙafa za a goge da shi. Ƙafa!"

Ta bayyana mini cewa a Alhamis ɗin ƙarshe kafin Ista, shugaban coci kan tuɓe babbar rigarsa, ya durƙusa ya wanke ƙafafun mutum goma sha biyu, ya goge da ƙyallen da ke ƙugunsa, don tunawa da yadda Yesu ya yi wa almajiransa. Bana masu gadi da masu shara da masu tura baro a kasuwa aka zaɓa. Ita tsohuwar ma tana hanya, ta taho ta ga ɗanta ya yi amfani da saƙarta.

Garin gyaran gira na taɓa ido. Mama Rifkatu ta ce sai ta kira mai abu, ta fita. Na zauna na kasa ko zare allura. Duk motar da ta tsaya a bakin titi sai in leƙa, ban san wa zai riga wani ba, Rabaran ko Alhaji. Abokan aikina kowa ya sunkuya kan kekensa, ba mai son haɗa ido da ni.

Kafin azahar wani dattijo gajere ya sauko daga adaidaita sahu, ya yi sallama. Mama Rifkatu na bayansa, da haka na gane shi ne. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ya ɗaga ni. Ya ɗauki ƙyallen ya daɗe yana kallo.

"Malam, hannunka na da kyau," in ji shi. "Amma goga shi a bayan hannunka."

Na goga. Zaren ya karce ni.

"Cikin mutanen nan akwai mai ciwon suga, ƙafarsa ba ta son ko ƙwarzane. Zai fita?"

"Zai fita, ranka ya daɗe, amma ɗaya-ɗaya ake tsinke shi. Mutum ɗaya ba zai gama yau ba."

"To mu biyu fa? Ba ni reza."

Na ɗauka ba'a yake. Sai ga shi ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa cikin yankakkun ƙyallaye, ya kama ɗaya bakin ƙyallen ya miƙo mini ɗayan. Na kawo kujera, ya ce tun yana yaro a ƙasa yake taya mahaifiyarsa aikin zare. A hankali nake bi, don reza in ta zame sau ɗaya, saƙar ta tafi ke nan. Na je na yi azahar na dawo, yana nan sunkuye, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Muna cikin yi na ce, "Ranka ya daɗe, mu a wurinmu da aikin wuyan riga ake gane babba."

Ya yi dariya. "Mu kuma an koya mana cewa mai son zama babba ya zama mai yi wa saura hidima. Ba kullum muke iyawa ba, Malam. Mu ma muna son kujerar gaba. Shi ya sa ake durƙusar da mu sau ɗaya a shekara, ko ma tuna."

Bayan la'asar Alhaji ya shigo da jakarsa. Ya ga Rabaran a ƙasa, ya ga tarin zaren gwal, ya dube ni. Ba sai an yi masa bayani ba. Ya cire hula ya durƙusa yana ba da haƙuri, sannan ya juyo.

"Bukar, ka san doka."

Na miƙe. Na miƙa hannu zan ɗauki almakashina.

"Alhaji," in ji Rabaran, bai ko ɗago kai daga aikin ba, "ya yi kuskure, ba zan ce bai yi ba. Ramukan allura ma ba za su ɓace ba, kuma gaskiya zan gaya wa tsohuwata. Amma in ka kore shi, wa zai yi mini na baɗi? A duk Fagge yanzu shi kaɗai ne telan da ya san abin da ake yi da ƙyallen nan."

Alhaji ya ajiye jakarsa, ya tattare babbar rigarsa, ya zauna a ƙasa kusa da mu.

"Miƙo mini reza, Bukar. Tsayuwar me kake?"

Kafin magariba muka gama, mu uku.

Abin da na koya shi nake gaya wa duk wanda ya zauna a kan keken ado: kafin allurarka ta taɓa yadi, tambayi aikin da yadin zai yi. Sana'armu ta saba mana da ƙawata manya, har muna zaton girma a zare yake. Ni dai na ɗinka wa manya da yawa, amma mafi girman da na sani, a ƙasan shagonmu ya wuni yana tsinke kuskurena don kada ƙafar mai shara ta ji ciwo.